Madarar kwali da ke wata shida ba firji: za a iya yin irinta a Kebbi?

Alhaji Garba Jega: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masana. Da damina madara takan yi yawa a rugagen Jega da Aliero har ta rasa mai saye, ta kwana ta yi tsami a sayar da ita a wulaƙance. Ga kuma madarar kwali da ake kawowa daga Legas tana zaune bisa kanta wata da watanni, ba firji, ba ta lalace ba. Mi anka sa mata? In ƙungiyar makiyaya ta tara kuɗi, ba ta iya sayen injin ta yi irinta nan gida?

Nasiru Zuru: Magani ne mana, Alhaji. Wace madara ce za ta kai wata shida haka kawai?

Injiniya Murtala: Wa alaikumus salam Alhaji. Nasiru, ba magani ba ne, wuta ce da kwali. Abin da ka ga an rubuta UHT a jikin kwalin, nufinsa an ɗaga zafin madarar ya kai digiri 135 zuwa 150, an riƙe ta a nan daƙiƙa 2 zuwa 5 kacal, aka sanyaya ta nan take. Ka kwatanta da dahuwar da ake wa madarar firji: digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. Waccan tana kashe ƙwayoyin da ke sa cuta, irin tarin fuka da bakkale, amma tana barin wasu da rai, shi ya sa sai da sanyi kuma kwanakinta kaɗan ne. Ta UHT kuwa ana so ne a kashe har waɗanda ke shigewa cikin ɓawo su yi likimo.

A tukunya ba za ka taɓa kai wa wannan zafin ba, domin madara na tafasa ne a wajen digiri 100, ko ka ƙone itacen dajin nan duka. Sai an matse ta cikin bututu da ƙarfin da ya kai wajen bar 4 a ma'aunin matsi sannan za ta kai 140 ba ta tafasa ba. Hanya biyu ce. Ta farko, madara na bi ta cikin bututu ko tsakanin farantan ƙarfe, ruwan zafi na bi ta ɗaya gefen, ba sa haɗuwa. Wannan ta fi arha wajen aiki, domin madarar da ta fito da zafi ita ke ɗumama wadda ke shigowa, ana maido da kusan kashi 90 cikin 100 na zafin. Ta biyu, a fesa tururi kai tsaye cikin madarar. Zafin na hawa cikin ƙiftawar ido, amma tururin ya ƙara mata ruwa kusan kashi 10, sai a sake ta cikin tankin da aka zuƙe iskarsa, ruwan ya fice ya tafi da zafin. Ta biyun ta fi daɗin baki, ta fi tsada.

Akwai kuma injin farfasa maiƙo, yana tura madarar ta wata 'yar kafa da ƙarfin bar 150 zuwa 250. In ba shi, bayan 'yan makonni za ka buɗe kwali ka tarar da maiƙo ya taru a sama ya yi kauri.

Malam Bello Kalgo: In ƙara kan na Injiniya: dafawar rabin aiki ce. In ka dafa madara ta kai 140 ka juye ta a roba cikin iskar ɗaki, ka yi aikin baban giwa. Sirrin yana wajen ɗurawa. Kwalin nan da ake gani kamar takarda ninki shida ne: takarda mai kauri da ke ba shi tsayuwa, leda ciki da waje, da wani siririn gorar alminiyam da bai kai kaurin gashi ba, shi ke tare haske da iska. Takardar na zuwa a naɗe kamar tabarma, injin ya ratsa da ita cikin ruwan haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 30 zuwa 35, mai zafin wajen digiri 70, iska mai zafi ta busar da ita, a naɗe ta ta zama bututu, madara ta cika shi, a liƙe a yanke ta ƙasan saman madarar. Shi ya sa irin wannan kwalin ba ya da iska a ciki. Kamfanin Tetra Pak na Suwidin ne ya fara irin wannan ɗurawar a 1961 a wata masana'antar madara a Siwizalan. Yau a Faransa da Sifen mafi yawan madarar da ake sha ta kwali ce.

Nasiru Zuru: To Malam, ga shi da bakinka ka ce ana sa sinadari.

Malam Bello Kalgo: Kwalin ake wankewa da shi, ba madarar ba, kuma ana ƙone shi ya tashi kafin madara ta taɓa takardar. Abin da wasu kamfanoni ke ƙarawa cikin madarar shi ne ɗan gishirin fosfet ko sitiret don kada furotin ya dunƙule a wuta. Wannan ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Juya bayan kwalin ka karanta, in an sa za ka gani.

Hajiya Asabe Yauri: Injiniya, ku faɗa wa Alhaji gaskiyar da ta fi ɗaci. Yawancin madarar kwalin da ke kantunanmu ba daga hantsar saniyar Najeriya ta fito ba. Madarar gari ce da aka shigo da ita daga waje, a dama da ruwa, kilo ɗaya ya ba da wajen lita 8, a dafa a ɗura. Wata ma an cire man shanun an mayar da man ganye, duba inda aka jera abin da ke ciki. Kamfani ya fi son gari don yau da gobe iri ɗaya ne, ba ya tsami a hanya, ba ruwansa da rani ko damina. Da wannan ƙungiyar taku za ta yi gasar farashi.

Alhaji Garba Jega: Hajiya ai shi ya sa nike ganin tamu za ta fi karɓuwa. Madarar shanun Bokolo da Rahaji tsantsa. Kuma tunda wutar na kashe komi, ko ta ɗan fara juyawa kafin ta iso ai sai injin ya gyara ta.

Dakta Hauwa'u Argungu: Alhaji, a nan ne fa gizo ke saƙar. Injin UHT ya fi kowane inji tsirfa wajen zaɓen madara. Wadda za ka iya yin kindirmo mai kyau da ita, shi sai ya ƙi ta.

Madarar da aka tatso yanzu tsaminta a ma'aunin pH yana tsakanin 6.6 da 6.8. A zafin Afrilu na Birnin Kebbi, inda ake haura digiri 40, ƙwayoyin da ke ciki na iya ninka kansu cikin minti 20 zuwa 30. An tatsa ƙarfe 7, an zuba a jarkar roba da aka ɗauraye da ruwan rafi, an ɗaura a babur, ta iso ƙarfe 11. A baki ba za ka ji tsami ba tukuna, amma furotin ɗin ya riga ya yi rauni. Da ta shiga 140 sai ta tsinke, ta manne a jikin bututu kamar ƙanzo a gindin tukunya. Zafi ya daina ratsawa, matsin ya hau, dole a tsayar da inji a wanke.

Gwajin da ake yi a wurin karɓa ba shi da wuya. Ka ɗebi mililita 2 na madara a ɗan farantin gilashi, ka zuba mililita 2 na alkohol, ka jujjuya a hankali ka ɗaga saitin haske. Mai kyau za ta gangara sumul ta bar gilashin fes. Wadda ta fara lalacewa za ka ga ƙananan gudaji kamar tsakin gero sun maƙale a gefe. Don madarar firji alkohol mai ƙarfin kashi 68 ya isa. Don UHT ana neman ta tsallake kashi 72 zuwa 75, wasu kamfanoni ma sama da haka. Madarar saniya mai ciwon hantsa, da dakashi na kwanakin farko bayan haihuwa, da ta saniyar da ta kusa ƙafewa, duk sukan faɗi wannan gwajin ko da yanzu aka tatso su.

Sai laktomita, ma'aunin nauyin madara: ya tsaya tsakanin 1.028 da 1.032. In ya yi ƙasa an yi algus da ruwa. In an ƙara gari mai sitaci don kauri, ɗigon aidin zai mai da ita shuɗiya. Wasu kan jefa kanwa don su ɓoye tsami, ta wuce gwajin alkohol lafiya lau, amma pH zai haura 6.8 ya tona asiri.

Jauro Buba Bagudo: Dakta, Allah shi ƙara sani. Amma a yi mana adalci. Mai tatsa ba ya da firji a ruga, ba ya da ruwan famfo. Rugagenmu a warwatse suke, da rani kuma shanun sun yi kudu ko sun gangara fadama. In saniya ta ba ka lita ɗaya da rabi bayan maraƙi ya sha, ka gode Allah. Kuma madarar nan ta matan gida ce, da ita suke cefane. Duk tsarin da zai karɓe ta daga hannunsu bai biya su a ranar ba, ba za su kawo ba.

Injiniya Murtala: Jauro ya kawo lissafin da ya kamata a fara da shi. Mu ɗauki ƙaramin layin injin UHT mai cin lita 1,000 a awa. In zai yi awa 10 a rana, lita 10,000 ke nan. A lita ɗaya da rabi, kana buƙatar shanun tatsa kusan 6,700, kullum, rani da damina. Kuma ba inji ba ne da za ka kunna na awa biyu ka kashe. Kafin madara ta shiga sai an zagaya da ruwa mai zafin aiki ta cikin bututun duka na minti 30 don a kashe komai. Bayan an gama sai wanki: ɗauraya, soda kostik kashi 1.5 zuwa 2 a wajen digiri 80 don ya cire furotin da maiƙo, ɗauraya, asid naitirik kashi 1 ko ƙasa da haka don ya narkar da ƙanzon kalsiyam, ɗauraya ta ƙarshe. Awanni ke nan na tururi da ruwa da wuta ba ka sayar da ko cokali ba.

Sannan wutar lantarki. In aka ɗauke wuta na daƙiƙa kaɗan, famfo ya tsaya, zafi ya sauka ƙasa da abin da aka ƙayyade, layin ya fita daga tsarki. Ba ci gaba ake yi ba, sai a fitar da madarar, a wanke, a sake minti 30 ɗin nan daga farko. Don haka janareto ne zai ɗauki aikin gaba ɗaya, ga tukunyar tururi mai shan dizal, ga ruwan rijiyar burtsatse da sai an tace shi an rage masa gishiri. Kwalin kansa sayowa ake yi daga kamfanin da ya ƙera injin ɗurawar, farashinsa kuma na bin dala.

Malam Bello Kalgo: Bari in dawo kan maganar Alhaji cewa wuta na kashe komai, don akwai abin da ba ta kashewa kuma shi ya fi yaudara. A ce an samu firji, an sanyaya madara zuwa digiri 4, amma don a tara ta yi yawa aka bar ta kwana 3 a tanki. Akwai wasu ƙwayoyi, dangin Pseudomonas, da sanyi bai hana su yaɗuwa. Su wuta na kashe su tas. Amma kafin su mutu sun riga sun saki wasu sinadarai masu narka furotin da maiƙo, waɗannan kuwa 140 ba ya gama da su. Madara ta fito daga inji ba ƙwayar cuta ko ɗaya, ta ci kowane gwaji, an kai kasuwa. Bayan wata 2 ko 3 mai saye ya buɗe ya ji ɗaci, ko ya tarar ta yi kauri kamar kamu, ba tsami ba wari. A lokacin kaya sun riga sun bazu Kamba da Yauri da Zuru. Ita kanta madarar tana da irin wannan sinadarin nata na halitta, ya fi yawa a ta saniya mai ciwon hantsa. Shi ya sa ake tsayar da ita a digiri 90 zuwa 95 na minti ɗaya ko biyu kafin a kai ta babban zafin, kuma shi ya sa ba a son ta wuce kwana 2 a tankin sanyi.

Dakta Hauwa'u Argungu: Ƙara biyu a kai, Malam. Ragowar maganin da aka yi wa saniya allura da shi, irin oksitetirasaikilin da ake saye a kasuwa a yi da kai, wuta ba ta kawar da shi yadda za a dogara. Kowace kwalba na ɗauke da adadin kwanakin da za a zubar da madara bayan allura, a bi shi. Na biyu, dafin fumfuna. In an ba saniya ƙuli-ƙuli ko dusa ko tunkuzar auduga da ta yi fumfuna, wani kaso na dafin na fitowa a madara, kuma dahuwa ba ta taɓa shi.

Hajiya Asabe Yauri: Malam Bello, ga tambayar 'yan kasuwa. A katon guda sai ka samu kwali ɗaya ya kumbura ya yi tumbi, kusurwoyinsa sun miƙe, ba ya tsayuwa da gindinsa, alhali saura wata 3 ranarsa ta cika. Laifin kamfani ne ko na ajiya?

Malam Bello Kalgo: Ya danganta, Hajiya. Kumburi na nufin wani abu ya shiga yana fitar da iska. Kusan ko yaushe ta kafa ne: liƙin da bai kama ba, ko tsagewar alminiyam a kusurwa saboda jifa wajen lodi, ko an jera katon ya yi tsayi na ƙasa ya lotse, ko damshin ƙasa ya jiƙa takardar. In ɗaya ne jefi-jefi kuma akwai alamar bugu, hanya ce. In da yawa ne masu lambar kaya iri ɗaya, daga inji ne, a mayar wa dila a rubuta lambar. A masana'anta ana zaro kwali lokaci-lokaci a ɓare liƙin da hannu, a ɗiga jan tawada a ciki a ga ko zai ratsa. Ana kuma ajiye samfuri a digiri 30 na mako ɗaya zuwa biyu, wani a digiri 55 na kwana 5 zuwa 7, kafin a saki kaya. Abin da ake nema shi ne kada lalataccen ya wuce ɗaya cikin 10,000.

Wancan gwajin na digiri 55 mu ya fi shafa. Akwai wata ƙwaya mai taurin kai da kan tsira daga wuta jefi-jefi, amma ba ta motsi sai zafi ya haura wajen digiri 40. A Turai sai ta mutu a kwali ba wanda ya san da ita. A nan kuwa, tirela ta kwana biyu a hanya daga Legas, ta tsaya a rana, a sauke a shagon kwantena mai rufin kwano a watan Afrilu, ai an kai ta gida. Kuma ita ba ta fitar da iska. Kwali lafiya ƙalau a ido, ciki tsami. Ko ba ita, zafin ajiya sama da digiri 30 na sa madarar ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, ta yi ɗanɗanon ƙonanniyar alewa. Wannan ba ya cutarwa, amma mai shayi zai dawo miki da ita. Ranar da ke jikin kwali an lissafa ta ne da ajiyar inuwa.

Hajiya Asabe Yauri: Wato katako a ƙasa, nesa da bango, kada a kai kusa da rufi, kuma a rage saro da bazara.

Malam Bello Kalgo: Haka. Kuma na tsohon lodi ya fara fita.

Nasiru Zuru: Na janye maganar magani. Amma wannan wuta haka ba ta cinye amfanin madarar ba?

Dakta Hauwa'u Argungu: Furotin da kalsiyam da maiƙo suna nan. Ana rasa kaɗan daga bitamin B1 da B12 da folet, kuma tafasawar da ake yi a gida a bar tukunya na ɓararraka ta fi wannan ɓarna. Ɗan warin dahuwa da kake ji a sabon kwali daga furotin ne da zafi ya warware, yakan ragu bayan 'yan kwanaki. Abu biyu dai a kiyaye. Da an buɗe ta zama kamar kowace madara: firji, a shanye cikin kwana 3 zuwa 4, in ba firji a shanye a ranar. Sannan ba a shayar da jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya da ita a madadin nonon uwa.

Alhaji Garba Jega: To kun kashe mini jiki. Ke nan mu zura ido madarar damina ta ci gaba da zubewa?

Injiniya Murtala: A'a Alhaji, tsani dai daga ƙasa ake hawansa. Kuɗin da ƙungiya za ta iya tarawa ya fi dacewa da wurin karɓa: tankin sanyi na lita 500 ko 1,000 mai aiki da sola, garewanin alminiyam ko silba masu faɗin baki a madadin jarka, rariyar tacewa, laktomita, alkohol, da mutum ɗaya da aka horar wanda ba ya jin kunyar mayar da madara ko ta wace ce. Ƙa'idar ita ce madarar ta sauka zuwa digiri 4 cikin awa 2 zuwa 3 da tatsa. Daga nan tukunyar dahuwa mai riga biyu, digiri 63 na minti 30 don madarar sha, ko 85 zuwa 90 na wasu mintuna in yogot za a yi.

Jauro Buba Bagudo: Rugar da ke nesa fa, wadda babur ba ya isowa cikin awa 3, balle da damina in hanya ta yanke?

Dakta Hauwa'u Argungu: Akwai hanyar da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta amince da ita tun 1991 don irin wannan wurin. Madara na da wani sinadarin kariya nata, ana farkar da shi da miligiram 14 na sodiyam tayosayanet a kowace lita, a juya minti ɗaya, sai miligiram 30 na sodiyam fakabonet, a sake juyawa. A zafin digiri 30 yana ba ka ƙarin awa 7 zuwa 8. Sharaɗinsa a sa shi cikin awa 2 zuwa 3 da tatsa, a inuwa, kuma horarren mai karɓa ne zai auna, ba a raba wa kowa ya zuba da ka ba. Ba ya gyara wadda ta riga ta juya. A kuma tuntuɓi NAFDAC da kamfanin da zai saya kafin a fara, don ba kowane mai saye ke karɓa ba.

Hajiya Asabe Yauri: Ni dai in ƙungiya za ta ji tawa, rarar damina a mai da ita abin da mutanenmu suka riga suka sani. Kindirmo da yogot tsaminsu na kare su, man shanu in an soya shi ya ƙone ruwansa yana watanni a kwalba ba firji, kuma kasuwarsa ba ta mutuwa. In ana son madarar sha mai daɗewa ba tare da injin kwali ba, akwai ta kwalba ko gwangwani da ake rufewa tukuna a dafa cikin tukunyar matsi, digiri 115 zuwa 120 na minti 15 zuwa 20, irin yadda ake yi wa ta gwangwani da masu shayi ke amfani da ita. Kayan aikinta sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai takan yi duhu ta yi ɗanɗanon dahuwa.

Malam Bello Kalgo: Da sharaɗi, Hajiya. Madara ba ta da tsamin da zai kare ta, in dahuwar ba ta kai ba a rufaffen mazubi, ƙwayar da ke iya tsira a ciki mai kisa ce. Sai da ma'aunin zafi da na matsi da aka tantance, da rubuta kowace tukunya, da rajistar NAFDAC. Ba aikin bayan gida ba ne. Kuma ita ma sai madarar da ta ci gwajin alkohol, in ba haka ba a kwalbar za ta tsinke.

Alhaji Garba Jega: Na ji. Injiniya, tankin lita 500 ɗin nan, sola nawa zai ɗauke shi?

Injiniya Murtala: Lissafi ne. Sauko da lita 500 daga digiri 35 zuwa 4 na nufin cire zafin da ya kai wajen kilowat-awa 17. In cikin awa 3 kake so, injin sanyin sai ya iya cire kusan kilowat 6, wanda zai ja wutar kilowat 2 zuwa 3 a zafinmu. Matsalar ita ce madara na isowa da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Don haka maimakon tara batura, a sayi mai tara ƙanƙara: da rana sola ta daskarar da ruwa, washegari da safe ruwan ƙanƙarar ya sanyaya madara. Wajen kilo 200 na ƙanƙara zai ɗauki lita 500 ɗin. Ku fara auna lita nawa ke iya isowa wuri ɗaya kafin ƙarfe 10 na safe, mako biyu a jere, da damina da kuma watan Maris, ku turo alƙaluman nan zauren a fitar da girman tankin a kansu.